Ɗaukar Hoton Mutanen Karkara: Kada Ka Goge Agogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwa masu koyon wannan sana'a, barkanmu da war haka. An nemi in yi magana a kan fitar da za ku yi zuwa ƙauyuka, yadda mutum zai koyi ɗaukar hoton mutane, a lokaci guda kuma ya adana wani abu na gadon karkara. Na ga da yawanku kun ɗora kyamarori a kan cinya. Ku ajiye su tukuna, ba mu zo kansu ba.

Akwai wani mai hoto a Amurka, Edward Curtis, da ya shafe shekaru kusan 30 yana bin ƙabilun 'yan asalin ƙasar yana ɗaukarsu. Attajirin nan J.P. Morgan ne ya ba shi kuɗin fara aikin. Ya ɗauki hotuna sama da 40,000 a cikin ƙabilu fiye da 80, aka buga su a mujalladi 20 tsakanin 1907 da 1930. Aiki ne da ba a raina shi, kuma wanda ya ga hotunan ya san mutumin ya iya haske. To a 1910 ya ɗauki wani dattijo da ɗansa zaune a cikin bukkarsu, kewaye da kayan gargajiya. A tsakaninsu, a ƙasa, akwai agogo, irin na tebur mai ƙararrawa. Da aka zo buga hoton sai agogo ya ɓace, an goge shi. Ana iya ganin hoton na asali har yau, da agogonsa, a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Me ya sa ya goge? Saboda ya riga ya yanke hukunci tun daga gida cewa mutanen nan na zamanin da ne, masu shuɗewa ne, kuma agogo yana ɓata masa labarin. Alhali mai bukkar shi ya ajiye agogonsa a inda ido zai gani.

Yanzu mu je Bamako. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a 1948. A tsakar gida yake aiki, da hasken rana, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, yawanci kuma sau ɗaya yake danna kyamara ga kowane abokin ciniki don fim yana da tsada. Yana da kayan aro a ajiye: rediyo, alƙalami, babur, tabarau, da agogon hannu. Wanda ya zo shi zai zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Wancan ya cire wa mutane agogonsu, wannan yana ara wa wanda ba shi da shi. Za ku ce ai duka biyun shiri ne, ba gaskiya tsagwaronta ba. Haka ne. Amma a wajen Keïta mai fuskar ne yake da ta cewa, a wajen Curtis kuwa ba a tambaye shi ba. A nan bambancin yake, kuma shi nake so ku tafi da shi ƙauye.

Domin wallahi wannan jarrabawar tana jiran kowannenku. Za ka isa maƙera ka tarar da maƙeri da waya a aljihun gaba. Za ka ga rufin ciyawa da farantin sola a kansa, ka ga bokitin roba kusa da tulun ƙasa, ka ga makiyayi sanye da rigar ƙungiyar ƙwallo. Zuciyarka za ta ce, Baba ɗan cire wayar nan, a kawar da robar nan, ba ka da wata tsohuwar riga? Da zarar ka faɗi haka ka daina adana tarihi, ka koma shirya wasan kwaikwayo. Nan da shekara 50, robar nan da ka tsana ita ce za ta gaya wa mai bincike lokacin da masu ginin tukwane suka fara rasa kasuwa. Yarjejeniyar da UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da ita a 2003 kan gadon al'adu da ba a taɓa shi da hannu ta lissafa sana'o'in hannu da adabin baka da sanin muhalli a cikinsa, ta kuma ɗauke shi a matsayin abu mai rai da al'umma ke sabuntawa a kullum. Abu mai rai kuwa dole ya canza kama.

To, yanzu ku ɗauki kyamarorinku.

Abin da mai koyo ya fi ƙauna shi ne ya buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, f/1.8, fuska ta fito tar, duk abin da ke baya ya narke ya zama dishi-dishi. Yana da kyau a hoton biki. Amma ka yi tafiya mai nisa don ka ɗauki masaƙi, ka narkar da masaƙarsa, ka narkar da zaren da bangon da ƙofar ɗakin, to me ka je yi? Da ka ɗauke shi a bakin titi. A irin wannan aikin ka tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, ka bar kayan aikin su fito. Wahalar ita ce yanzu dole ka lura da duk abin da ke cikin hoton, kusurwa huɗu, kada reshen itace ya tsiro daga kan mutum. Ba a gyara wannan da kawar da kayan mutane. Kai ne za ka matsa, taki ɗaya hagu, ko ka durƙusa. Idan mutum a zaune yake aiki, kai ma ka zauna, kyamara ta yi daidai da idonsa. Wanda aka ɗauka daga sama ƙanƙancewa yake yi, kuma mai kallo yana jin wannan ƙasƙancin ko da bai san daga ina ya zo ba.

Batun gilashin gaban kyamara, wato lens, ba zan daɗe a kai ba. Mai 50mm ya ishe ka, mai 35mm ya fi idan ɗakin ƙarami ne, mai 85mm na fuska da kafaɗa ne. Masu waya, babbar kyamarar wayarku mai faɗi ce, wajen 24 zuwa 26mm. Idan ka kai ta kusa da fuska hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya. Kusancin ne ke jawo haka. Ja da baya kamar mita biyu, ka danna 2x. Ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. Idan ido bai fito ba, hoton ya mutu, ko da komai ya fito.

Haske ne wurin da zan ɗan zauna, don shi ne sana'ar. Rana tsaka abokiyar gabarka ce: tana sauka daga bisa, ramin ido ya yi baƙi, goshi ya yi ƙyalli, mutum ya runtse ido kamar ana masa faɗa. Idan yana sanye da hula mai baki kuwa, rabin fuskar ya tafi. Kowa zai ce maka ka fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, kuma gaskiya ne, sai dai mutanen karkara ba sa tsara aikinsu don kyamararka. Lokacin da hasken ya fi kyau manomi yana gona, lokacin da ya samu sukunin zama da kai rana tana tsaka. Saboda haka ka koyi aiki da inuwa. Mafi alherin wurin da za ka samu shi ne bakin ƙofa. Ka tsayar da mutum taki ɗaya daga ciki, yana fuskantar waje, kai kana waje. Hasken da ƙasa da sararin sama suka maido zai shafi fuskarsa a hankali, duhun ɗakin ya zame maka bango, ka kuma ga ɗan ɗigon haske a ƙwayar idonsa, wanda shi ke sa fuska ta yi rai. Ka matsar da shi ciki kaɗan ka ga yadda hasken ke raguwa da sauri. A kusa da taga ma haka ne, ƙa'idar da aka sani ita ce in nisa daga fitila ya ninka, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Inuwar itace kuma a yi hattara da ita, don ganye yana yayyafa wa fuska tabo-tabon rana. Idan gefe ɗaya ya yi duhu da yawa, farin ƙyalle ko farin kwali a hannun abokin tafiyarka ya isa ya maido haske. Filasha a bar ta a jaka.

Sai ma'aunin haske na cikin kyamara. Shi ba ya sanin fuska, duk abin da ya gani yana ƙoƙarin mai da shi ruwan toka matsakaici. Ka sa mutum mai duhun fata cikin fararen kaya a gabansa, farin zai ruɗe shi ya rage haske, kaya su fito, fuska ta nutse. Wannan tsohuwar matsala ce. Shekaru da yawa a zamanin fim, katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton mace farar fata ne a jikinsa, da shi ake auna kowa. Kai dai ka auna a kan fuska, ka ƙara haske kaɗan, ka duba kada farin ya ƙone. Wanda kyamararsa ke ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi sauƙin gyaran haske daga baya, ya kunna shi. Saurin ƙiftawar kyamara kuma, 1/125 na daƙiƙa ya isa ga wanda ke zaune, amma guduma a hannun maƙeri sai 1/500 ko fiye in kana so ta tsaya cak. Ni na fi son a bar ta ta ɗan ja zare a 1/60, fuska a tsaye, hannu yana motsi. Ra'ayina ne, ba doka ba. Kuma ku ɗauki hannaye, don Allah. Ilimin shekara 40 yana cikin yadda yatsu suka riƙe abu, kuma mutumin da kyamara ke sa shi ƙamewa, da ka ce ya ci gaba da aikinsa sai ya manta da kai.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan ka shiga gari da kyamara a wuya kana harbi. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka nemi wanda zai gabatar da kai, ka gaisa, ka zauna, ka faɗi ko kai wane ne da inda hoton zai je. Idan intanet za ka sa shi, ka faɗa ƙarara, kada ka ce na makaranta ne kawai.

Ga dalilin da ya sa nake matsawa a nan. A watan Maris na 1936 Dorothea Lange, tana yi wa gwamnatin Amurka aiki lokacin karayar tattalin arziki, ta tsaya a wani sansanin 'yan ci-rani a Nipomo ta jihar Kalifoniya. Ta ɗauki wata mata 'yar shekara 32, hannu a haɓa, yara sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Mintuna kaɗan ta yi ta wuce. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a duniya, har a kan kan sarki an buga shi. Lange da bakinta ta ce ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 duniya ta san sunanta Florence Owens Thompson, ta kuma nuna ɓacin ranta cewa ba ta samu ko sisi daga hoton ba. Shekara 42 fuskarta tana yawo a matsayin alamar talauci, ba wanda ya san ko ita wace ce.

August Sander na Jamus ma, wanda nake ganin ba a yi kamarsa ba wajen ɗaukar mutanen karkara, ya bar mana irin wannan giɓin. Daga Kolon yake fita zuwa ƙauyukan yankin Westerwald. Shahararren hotonsa na 1914 samari uku ne a kan hanya, da kwat da hula da sanda, za su wajen rawa, ya rubuta a ƙasa cewa matasan manoma ne. Ba suna. Da masu bincike suka bi diddigi daga baya, sai aka gano aikin ma'adinin ƙarfe suke yi. Kun ga kalma ɗaya a ƙarƙashin hoto ta ɓatar da masu kallo shekara da shekaru. Ku gwada da J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara ɗaukar kitson mata a Najeriya a 1968, ya tara kusan 1,000. Yana tambayar sunan kowane kitso da inda ya fito, ya rubuta. Shi ya sa aikinsa ya zama abin da ake komawa gare shi, bai tsaya a ado ba.

Don haka littafin rubutu da biro suna cikin kayan aiki, daidai da batir. Sunan mutum yadda shi yake faɗarsa, sana'arsa, wajen wa ya koya, sunan kowane kayan aiki a bakinsa, wuri, da kwanan wata. Ka gyara agogon kyamararka kafin ka fita, don ita ma tana liƙa kwanan wata a jikin kowane hoto. In ya yarda ka naɗi muryarsa a waya. Da ka dawo ka ajiye hotunan a wuri uku, ɗaya ba a gidanka ba, don memori yana lalacewa, waya tana ɓata. Ka kuma wanke wasu a takarda ka koma ka kai wa masu su. Mutane da yawa an sha ɗaukarsu, ba su taɓa riƙe hoton kansu a hannu ba. Ranar da ka koma da shi, ranar za ka ɗauki hoton da ya fi na farko, don yanzu an san ka.

Shugaban zama yana nuna mini lokaci. Akwai tambaya ɗaya ko biyu?

Wata ɗaliba ta tambaya: Malam, idan mutum ya ce sai an biya shi kafin a ɗauke shi fa?

To, 'yata, haƙƙinsa ne ya nema. Idan kin tsayar da shi daga aiki, kin ci lokacinsa, ki biya lokacin ko ki sayi abin da yake ƙerawa. Abin da ban so shi ne rabon kuɗi a tsakiyar jama'a, don gobe duk wanda ya zo bayanki zai tarar da mutane suna shirya masa fuskar tausayi. Idan kuma kina da niyyar sayar da hoton, wannan magana ce daban, ki faɗa masa tun farko ku yi yarjejeniya a rubuce.

Wani ya ce: Malam, yara fa, da wanda ya ƙi?

Yaro ba ya ba da izinin kansa, sai iyayensa, kuma ko sun yarda ban ga dalilin sa sunansa da garinsu a intanet ba. Wanda ya ƙi kuwa, ka sauke kyamara ka yi masa godiya, kada ka koma nesa ka jawo shi da zum. Wani zai ce maka ban da fuska amma ka ɗauki hannuna da aikina. Ka karɓa, ka rubuta a littafinka cewa haka ya zaɓa. Na gode, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.