Yadda Doka Ta Haifi Baƙon Haure a Amurka

Hadiza: Masu sauraro, assalamu alaikum. Yau ni da Malam Sani za mu tattauna kan binciken Farfesa Mae Ngai, masaniyar tarihi a Jami'ar Columbia, wadda littafinta na 2004 ya bi diddigin dokokin shige da fice na Amurka daga 1924 zuwa 1965. Malam, daga ina za mu kama?

Sani: Daga 1924 ɗin, Malama. Kafin yaƙin duniya na farko, Bature mai lafiyar jiki kan sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Ellis da ke New York, a duba shi, ya wuce ba tare da biza ba. Dokar 1924 ta yanka wa kowace ƙasar Turai kasonta na baƙin da za su shigo duk shekara, aka kuma ɗora lissafin a kan ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 da gangan, domin a lokacin Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai ba su yi yawa ba tukuna. Italiya, wadda a wasu shekarun ta tura mutum sama da 200,000, sai aka bar ta da ƙasa da 4,000. A 1924 ɗin kuma aka kafa rundunar sintirin kan iyaka. Hujjar Ngai ita ce, ranar da aka ƙayyade adadi aka haifi mutumin da yake zaune a ƙasa amma doka ta ce bai kamata ya kasance ba.

Hadiza: To amma ai kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta.

Sani: Ba ta musanta wannan ba. Abin da ta tono shi ne wa ake yafe wa. Daga 1935 an buɗe wata hanya: Baturen da ba shi da takardu ya tsallaka Kanada, ya je ofishin jakadancin Amurka, a buga masa biza, ya dawo halastacce. Ɗan Meziko kuwa, da wuya ya ga wannan ƙofar.

Hadiza: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne shari'ar Bhagat Singh Thind, Ba'indiye wanda ya sa kakin sojan Amurka, amma a 1923 Kotun Ƙoli ta ce shi ba farar fata ba ne, don haka ba zai zama ɗan ƙasa ba. Har haihuwa a ƙasar ma ba ta kare wasu ba, tunda cikin mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan da aka tsare a sansanoni daga 1942, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne.

Sani: Sannan dokar 1965, wadda ake yabo saboda ta soke fifikon asali, Ngai ba ta raga mata ba. A farkon shekarun 1960 leburori kusan 200,000 ke shigowa daga Meziko duk shekara bisa ƙa'ida a ƙarƙashin shirin Bracero na ɗaukar leburorin wucin gadi. Aka rufe shirin a 1964, a 1976 kuma aka yi wa dokar gyara aka ƙayyade wa Meziko biza 20,000 a shekara, daidai da ƙasar da ba kowa ke tahowa daga cikinta ba. Gonakin Kalifoniya dai ba su daina neman masu tsinkar latas ba.