Lungunan Marwa da Tanderun Piza: Lacca kan Tafiyar Ƙafa da Abincin Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, masu unguwanni, ɗalibai da sauran 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da yamma, ina kuma gode wa waɗanda suka shirya wannan zama. An nemi in yi magana kan abubuwa biyu da mai sauraro zai ɗauka babu abin da ya haɗa su, wato lungunan garinmu na Marwa da kuma piza, abincin nan na Italiya da matasanmu suka fara sabawa da shi. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, abincin da talaka ke iya saya yana rayuwa ne a inda ƙafa ke bi, kuma duk garin da ya bar lungunansa suka toshe, ya rufe wa masu ƙaramar sana'a ƙofar neman abinci.

Baƙon da ya shigo Marwa cikin mota ba ya ganin komai sai manyan tituna da layin itatuwan dogon yaro, da ofisoshin da suka ƙaru tun da garin ya zama babban birnin yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru a 1983. Amma a bayan waɗannan tituna, a tsofaffin unguwanni irin su Kakatare da Funange da Dugoi, akwai wani garin da babu injiniyan da ya zana shi. Sawun mutane ne ya shata hanyoyinsa, daga zaure zuwa masallaci, daga gida zuwa rijiya, daga majema zuwa kasuwa. Za ka shiga lungun da mutum biyu ba za su jera ba sai ɗaya ya raɓe, ka bi jikin katangar ƙasa, ka wuce yara da allunansu a gindin bishiya, sai kwatsam ka ɓulla wani fili inda wata dattijuwa ta ɗora kasko tana suyar ƙosai, mutane na tsaye suna jira suna gaisawa.

Wasu daga cikin hanyoyin nan ma na rani ne kawai. Idan Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa garin, ya ƙafe, jama'a kan tsallaka ta cikin yashi, sawu ya bi sawu har hanya ta fito sarai, masu wanki su shanya tufafi a gefe, yara su buga ƙwallo. Da damina ta sauka ruwa ya cika, hanyar ta shafe, kowa ya koma bin gada, sai kuma baɗi a sake shata ta. Lungu yana da wani amfani da muka raina: saboda ƙuncinsa, katangun gefe biyu suna yi masa inuwa mafi yawan yini, kuma wanda ya san zafin watan Maris da Afrilu a nan, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san darajar wannan inuwa. Mai tafiya a ƙasa kuma shi ne mai jin ƙamshi, shi ne mai tsayawa ya taya, shi ne mai komawa gobe. Wanda ke bayan babur ya wuce kafin hayaƙin tsire ya iske hancinsa.

Yanzu bari mu je Italiya. Da yawa daga cikinmu muna kallon piza a matsayin abincin masu hali, wanda ake ci a otal mai sanyi da wuƙa da cokali mai yatsu, alhali asalinta ba haka yake ba. A birnin Napoli, a kudancin Italiya, ta samu siffar da aka san ta da ita, cikin ƙarni na 18 da na 19, kuma talakawa ne ke cin ta: 'yan dako, ma'aikatan tashar jiragen ruwa, da iyalan da ke cunkushe a ɗaki guda ba su da wurin girki. Napoli gari ne na lunguna masu ƙunci da dogayen gidaje, kuma a cikinsu ake gasa piza, a yi tallarta, a naɗe ta gida huɗu cikin takarda mutum ya ci yana tafiya. Tumatirin da ake shafa mata ma baƙo ne, domin daga nahiyar Amurka aka kai shi Turai a ƙarni na 16. Ana ba da labarin cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita piza da tumatir da farin cuku da koren ganye mai kama da ɗoɗɗoya, launukan tutar Italiya, har sunanta ya bi wannan nau'i. 'Yan ci-ranin Italiya ne suka kai ta Amurka, daga can ta bazu duniya, kuma a watan Disamba na 2017 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya sana'ar masu gasa piza na Napoli cikin al'adun gado na bil'adama. Ku lura, hannun mai sana'ar aka karrama.

Aikin kansa ba shi da kayan haɗi da yawa. Fulawa ce da ruwa da gishiri da yis kaɗan, a kwaɓa, a bar ƙullin ya tashi na sa'o'i masu yawa, sannan a buɗe shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, a bar gefen da ɗan kauri. Sirrin yana cikin wuta. Tanderun Napoli na itace ne, mai rufin ƙubba, zafinsa ya haura digiri 400, kuma piza ba ta wuce minti ɗaya da rabi a ciki. Wannan zafi ne ke sa gefen ya kumbura ya yi ɗigon ƙuna, cikin kuma ya kasance da laushi. Idan wuta ta yi sanyi aka daɗe ana gashi, sai ta bushe ta yi tauri. Bahaushen da ya san gurasa, wadda ake mannawa a jikin tanderu mai zafi a ci da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

To me ya hana piza shiga lungunanmu? Abu na farko tsada ce, kuma tsadar daga wuri biyu take. Kamaru na shigo da kusan dukan alkamar da take ci daga waje, kuma kowa ya ga yadda farashin fulawa da burodi ya tashi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Cuku kuma, wanda aka fi amfani da shi, daga nesa yake zuwa, yana buƙatar firiji a garin da wuta ke ɗaukewa. Amma sauran kayan duk a ƙofarmu suke. Albasar Diyamare, yankin da Marwa ke ciki, ta yi suna har kudu, tumatir da tattasai na fitowa daga lambunan bakin kogi, nama da kilishi ba a gaya mana su, kuma muna zaune cikin makiyaya masu madara. Ra'ayina shi ne, matashin da ya koyi yin cuku mai laushi daga madarar shanunmu, ya gina tanderun bulo a ƙofar gida, ya riƙa yanka piza ƙanana daidai aljihun ɗalibi, ya fi wanda ya ci bashi ya kama shago mai gilashi a bakin titi hangen nesa. Tun da aka buɗe Jami'ar Marwa a 2008, dubban ɗalibai ke haya a cikin unguwanni, kuma da ƙafa suke fita neman abincin dare. Sai dai in ja kunnen mai saye: wasu nau'o'in piza na Turai ana sa musu naman alade, don haka a tambaya kafin a ci, mai sayarwa kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya sa.

Dole in faɗi abin da ke damuna. Bayan hare-haren bam da aka kai a Marwa a watan Yuli na 2015, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, mutane sun rage fitar dare, an ƙara tsawon katangu, kuma babu mai zargin kowa a kan haka. Amma akwai ɓarnar da ba tsoro ne ya kawo ta ba. Mai gini ya ci taku biyu na hanya, maƙwabcinsa ya ga haka shi ma ya ci nasa, wani ya sako ruwan wanka cikin lungu, leda ta taru ta toshe magudana, har hanyar da kakanninmu suka bi zuwa masallaci ta zama wurin da ake toshe hanci. Babu mai kafa tanderu a irin wannan wuri, babu kuma mai zama ya ci.

Ga matasan da ke son zagaya unguwannin da ba nasu ba, ina ƙarfafa ku, amma da ladabi. Lungu rabin gida ne. A yi sallama ga dattawan da ke zaune a ƙofar zaure, kada a leƙa gidan da ƙofarsa ke buɗe, kada a ɗaga waya a ɗauki hoton mata da yara ba da izini ba, kuma idan hanya ta ɓace a tambaya, domin sau da yawa wanda ka tambaya shi zai raka ka har bakin titi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan la'asar, rana ta yi sanyi, masu suya sun fara hura wuta.

Iyayenmu lawanai da jauro-jauro, wato masu unguwanni, roƙona gare ku biyu ne. Duk wanda zai tayar da katanga a unguwa, a je a duba iyakarsa tare da maƙwabta kafin a aza tubalin farko. Sannan kafin ruwan watan Yuni ya sauka, kowace unguwa ta sa ranar da matasa za su fito a yashe magudanan lungu, a kuma nemi ƙaramar hukuma ta turo motar kwasar shara a ranar. Na ga lokacin magariba ya gabato, don haka zan tsaya nan a karɓi tambayoyi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.