Yadda Ake Gyara Alƙalamin Tawada Bayan Ya Faɗi Ƙasa

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da wannan lokaci. Daga nan Kaduna, yau za mu duba abin da ya kamata mutum ya yi idan alƙalaminsa na tawada, wato mai bakin ƙarfe wanda ake ɗura wa tawada, ya suɓuce masa, ko ya gangaro daga kan tebur babu murfi, ya bugi daɓen tayil ko na siminti. Kasancewar yawancin ofisoshi da azuzuwan garin nan irin wannan daɓen ne da su, da wuya alƙalami ya faɗi ya tashi lafiya lau, musamman idan da baki ya sauka.

Akasarin mutane da zarar sun ɗauko alƙalamin sai su danna shi a kan takarda da ƙarfi don su ga ko yana rubutu, wasu kuma su kama bakin da filaya su miƙe shi. Sau da yawa ɓarnar da wannan gaggawa ke jawowa ta fi ta faɗuwar kanta. Abin da ya dace shi ne a fara cire tawadar, a wanke bakin da ruwa mai tsabta wanda ba shi da zafi, a tsane shi da ƙyalle mai laushi, sannan a tsaya a dube shi da kyau kafin a taɓa komai.

Ku kalli bakin alƙalamin da kyau. An tsaga shi gida biyu daga tsini zuwa wata 'yar huda da ke tsakiya, kuma ta wannan tsagin ne tawada ke bi ta isa takarda. A ƙarshen kowane ɓangare akwai rabin ƙwayar wani ƙarfe mai tsananin tauri da aka like da walda, ita ce kaɗai ke taɓa takarda. A ƙarƙashin bakin kuma akwai wani baƙin harshe na roba mai ƙananan ramuka, wanda aikinsa shi ne ya kawo tawada daga ciki, ya kuma bar iska ta koma ta cike gurbinta. Muddin waɗannan ɓangarori biyu suna daidai da juna, kuma bakin yana kwance a kan harshen, alƙalami zai yi rubutu.

Ido kaɗai ba zai iya ganin irin matsalar da muke nema ba, domin bambancin da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sa alƙalami ya riƙa kartar takarda. Ana bukatar gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Wanda bai da shi yana iya tambaya a wurin masu gyaran agogo ko masu gyaran waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma kyamarar waya ma tana ɗan taimakawa idan akwai isasshen haske. A riƙe alƙalamin tsininsa yana fuskantar ido, a karkace kamar yadda takarda ke ganinsa lokacin rubutu, sannan a duba ko rabin ƙwayar nan biyu suna kan layi ɗaya.

A mafi yawan alƙaluman da suka faɗi, a nan matsalar take: ɓangare ɗaya ya ɗan haura, ɗayan ya yi ƙasa. Akwai hanyar tabbatar da hakan ko ba gilashi. A ja layi a hankali daga hagu zuwa dama, sannan daga dama zuwa hagu. Idan alƙalamin yana karta ne lokacin da ake jan sa zuwa dama, to ɓangaren hagu ne ya yi ƙasa, gefensa na ciki yana tonon takarda. Idan kuwa zuwa hagu yake karta, na dama ne ya sauka. Gyaran ba ya bukatar komai sai farce. A sa farcen babban yatsa a ƙarƙashin ɓangaren da ya sauka, kusa da tsakiyar tsawonsa, a ɗaga shi kaɗan ya wuce ɗan'uwansa, a saki, a sake dubawa da gilashi. Ƙarfen yana da halin komawa inda yake, don haka sai an maimaita sau da dama, kowane karo ana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan. Ni a ganina gara a yi ɗagawa goma ƙanana da a yi guda ɗaya babba, domin ƙarfen da aka yi ta lanƙwasawa gaba da baya yakan gaji ya tsage daga wajen hudar nan, kuma wannan tsagewar ba ta gyaruwa a gida.

Wani lokaci kuma ɓangarorin biyu buɗewa suke yi, tsagin ya yi faɗi a wajen tsini, sai tawada ta kasa isa ƙarshe. Idan aka ɗaga bakin zuwa ga haske, tsagi mai lafiya yana tsukewa ne sannu a hankali daga huda zuwa tsini, har ƙwayoyin biyu su kusa haɗuwa. Idan ya buɗe, sai a zare bakin daga kan harshen, a ɗora ɓangare ɗaya a kan ɗayan a matsa kaɗan, a sauya a yi wa ɗayan haka, sannan a daidaita su. Zare bakin ya danganta da irin alƙalamin. Na Lamy Safari zamewa yake yi idan aka manna masa salatef aka ja, na Pelikan kuwa warware shi ake yi tare da harshensa kamar noti. Amma irin su Parker 51, wanda ya fito a 1941, da Hero 616 na ƙasar Sin da aka ƙera bisa siffarsa, bakinsu a ɓoye yake cikin wani kwanso, kuma kwance kwanson da ƙarfi kan fasa shi, don haka wanda bai saba ba ya haƙura da su.

Idan bakin ya lanƙwashe sosai har ya yi ƙugiya, ana cire shi a kifa a kan sandar katako mai santsi wadda kaurinta ya yi daidai da kumburinsa, a riƙa murza wurin lanƙwasar da wani katakon har ya kwanta. Bakin zinariya, wanda za ku ga an rubuta masa 14K ko 585, ko kuma 18K ko 750, ya fi na baƙin ƙarfe saurin miƙewa, amma ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, saboda haka ba a kansa ake koyon gyara ba. Idan kuma ƙwayar tsinin ta ɓalle, magana ta ƙare a gida, domin mayar da ita aikin walda ne na ƙwararru. Ga bakin ƙarfe, sayen sabo ya fi sauƙi. Alƙaluma da yawa na zamani suna amfani da baki mai girman lamba 5 ko 6, irin wanda kamfanonin Jowo da Bock na Jamus ke ƙerawa.

Game da goge tsini, kada a kusanci sanfefa ko dutsen wasa wuƙa ko kaɗan. Abin da aka kankare daga ƙwayar nan ba ya dawowa, kuma goge bakin da bai daidaita ba ɓata shi ne kawai. Sai bayan gilashi ya nuna komai ya hau layi, idan har akwai sauran kaushi, za a zana lamba 8 sau uku ko huɗu a kan takardar gogewa ta musamman mai tsananin laushi, mai lamba 12000, da tawada a bakin, ba tare da dannawa ba.

Saura jikin alƙalamin. A murza shi a gaban fitila a nemi tsaga, musamman a mariƙin da yatsu ke kamawa da kuma leɓen murfi. Tsagar mariƙi ce ke ɓata yatsu da tawada, kuma sufa gulu ba ya daɗewa a wurin, ga farin tabo da yake bari, don haka sauya mariƙin ya fi. Tsagar murfi kuwa iska take shigarwa, kuma a lokacin hunturun Kaduna hakan ya isa ya busar da tawadar da ke bakin alƙalami cikin ɗan lokaci.

Bayan an mayar da komai, a gwada zura takarda tsakanin bakin da harshen. Idan ta shige cikin sauƙi, bakin bai zauna ba, sai a sake zaunar da shi. Daga nan a zuba tawadar da aka yi domin irin wannan alƙalami, ban da tawadar allo, wadda ƙaron da ke cikinta yake toshe ramukan harshen. A ɗora tsinin a kan takarda, a riƙe alƙalamin ta can ƙarshensa da yatsu biyu, a ja shi. Idan ya bar layi da nauyin kansa kaɗai, ta kowace fuska aka ja shi, to gyara ya yi.