Jawabin maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli a matatar ruwan masai ta garinmu

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, Mai girma Hakimi Allah ya ja zamaninka, shugaban ƙaramar hukuma, malamai, iyayenmu mata da matasa, a madadin kwamitin da ke kula da wannan matata muna yi muku barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san ba ko wane babba ne ke yarda a kawo shi inda ake juye masai ba, shi ya sa zuwan nan naka ya yi mana daɗi sosai.

Ranka ya daɗe, kafin a haƙa tafkunan nan kowa a nan ya san inda ƴan gidan kowa da akwai, wato masu kwashe masai, ke kai kayansu, cikin dare za a tura kura a juye a kwalbati ko bakin rafi, da safe kuma a wannan rafin dai yara ke wanka, mata na wanki, Fulani na shayar da shanu. Kuma ruwan ba a nan yake tsayawa ba, rafinmu Kogin Kano yake faɗawa, ya bi ta Wudil da Ringim ya zama Kogin Haɗejiya, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya rage ya bi Yobe ya nufi Tafkin Chadi. To duk mai noman rani da ke ba latas da tumatir ruwa a wannan hanya, da masuncin da ke jefa koma, abin da muka zubar shi suke samu. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

Aikin wajen ba wani boka ba ne, ko wutar nepa ba ma buƙata. Tanka za ta juye ta kan ragar ƙarfe, a nan leda da famfas da tsummokara ke maƙalewa, wallahi in ka ga abin da yaran nan ke kwashewa da manjagara kullum sai ka tausaya musu. Daga nan sai tafkin farko mai zurfi, kusan mita 3, dagwalon ya kwanta a ƙasa tare da ƙwayayen tsutsar ciki, shi ne mai warin da ya tarbe ku a ƙofa, a yi haƙuri. Na biyu bai kai shi zurfi ba, za ka gan shi kore shar, wasu na ɗauka ƙazanta ce alhali gansakukar ce ke ba ruwan iska, ƙananan halittu su cinye dattin. Na ƙarshe kusan mita 1 ne kawai, don rana ta ratsa har ƙasa ta kashe ƙwayoyin cuta. Sai ruwan ya yi makonni yana wannan zagaye kafin a sake shi rafi. Ba na sha ba ne fa, kullum muna faɗa wa mutane, amma tsakaninsa da wanda ya shigo akwai nisa. Dagwalon kuma a shanya shi ya bushe sosai manoma su ɗiba taki.

Kokenmu uku ne ranka ya daɗe. Katanga, don yara da awaki na shigowa kuma tafkin farko ba wajen wasa ba ne. Sai hanya, da damina tanka ba ta iya shigowa, direba in ya kafe sau ɗaya gobe rafi zai nufa, kaga an koma gidan jiya kenan. Sannan a riƙa turo mana masu awon ruwa lokaci lokaci, don yanzu da ido da hanci kawai muke aiki.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da ku gida lafiya. Ga takunkumi nan an tanada, bismillah mu zagaya.