Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli a Matatar Ruwan Ƙazanta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Kwamishina, Babban Sakatare, daraktoci da sauran 'yan rakiya, a madadin injiniyoyi da ma'aikatan wannan matata muna yi muku barka da zuwa. Sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, ƙarar da ta tarbe ka tun daga ƙofa ta injinan hura iska ce. Bakteriyar da ke cinye dauɗar ruwa ba ta aiki sai da oksijin, kuma hura mata iskar nan kan ci rabin wutar irin wannan matata, wani lokaci ma fiye. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi a rana, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ga tsadar dizal, iskar da aka hura a banza asara ce babba.

Abin da ake nema a tankin da ake hura wa iskar shi ne oksijin kamar miligiram 2 a kowace lita. In ya kai 4 ko 5, ruwan bai ƙara tsarkaka ba, wuta kawai aka ƙona. In ya faɗi ƙasa sosai, sai wari ya tashi, bakteriya masu zare su yawaita, taɓon ya ƙi kwanciya. Dauɗa kuwa da safe da yamma take kwararowa, cikin dare ta ragu, amma injin da gudunsa ɗaya bai san da haka ba. Maganinsa na'urar awon oksijin a cikin tanki, a haɗa ta da inbata mai ƙara wa injin gudu ko rage masa. Ita na'urar ma sai ana goge ta duk mako, don in yauƙi ya rufe mata baki ƙasa take karantawa, injin ya yi ta gudu babu dalili.

Sai farantan roba da ke fitar da kumfa a ƙasan tanki. Ƙananan kumfa sun fi manya narkar da oksijin, wajen ninki biyu, amma hudojinsu na toshewa, robar kuma ta sandare da shekaru, sai injin ya riƙa turawa da ƙyar. Matsin iska a bututu ne ke fara nuna haka, kuma wankin asid na fomik ko zubar da tanki a wanke yana dawo da su. Yanayinmu ma yana da nasa: ruwa mai zafin digiri 20 na riƙe miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa 7.5 kacal, ga ƙurar hunturu da ke cushe filtar injin.

Don haka, ranka ya daɗe, ba sababbin injina muka fara roƙo ba. Muna roƙon na'urar awo a kowane tanki, da inbata, da mitar wuta ta injinan su kaɗai, da kason gyara da zai riƙa fitowa a kan lokaci.

Bismillah, mu ƙarasa bakin tankunan ka gani da idonka. Allah ya mai da ku gida lafiya.