Ƙaramin Jirgi Da Iskar Gefe: Inda Haɗarin Yake A Lokacin Sauka

Barkanmu da kallo. Wannan bidiyon da ke yawo, na ƙaramin jirgi da ke sauka iska na bugunsa ta gefe, mutane da dama na cewa matuƙin ya rikice tun a sama, shi ya sa jirgin ke tahowa a karkace. Ba haka ba ne. Ku dubi hancinsa, ya juya wajen da iska ke fitowa, amma jirgin yana bin layin tsakiyar titi daidai. Mai kwalekwale ma idan zai tsallaka kogi, sama yake nufa da inda zai fita, don ya san ruwa zai ja shi. Haka ake koya wa kowane matuƙi.

To, mu rage gudun hoton a nan, dab da taya ta taɓa kwalta.

Ƙaramin jirgi ba ya son sauka a karkace, tayoyinsa ba za su jure jan gefe ba. Sai matuƙi ya taka feda, farantin wutsiya ya juya, hanci ya miƙe da titi. Yana miƙewa kuwa, iska ta samu damar tura jirgin gefe. Nan take hannu ya karkata sitiyari wajen iskar, fiffiken wannan ɓangaren ya yi ƙasa. Ƙafa na aiki ɗaya, hannu na wani, duk a lokaci guda. Shi ya sa taya ɗaya ke fara taɓawa, ta ɓangaren iska. Ni dai ban ga abin da ya fi wannan kyau a tuƙin jirgi ba idan aka yi shi daidai.

Iska mai bugowa ta lafa, ta sake bugowa, ita ce mai wuya. Idan tana gudun kilomita 20 a awa, tana bugawa har 40, matuƙi na ƙara rabin bambancin, wato 10, a kan gudun saukarsa, don kada ta lafa kwatsam jirgin ya faɗo.

Yanzu ku kalli fiffiken nan. Tayoyi sun taɓa ƙasa, da alama matuƙin ya saki jiki, ya maido sitiyari tsakiya. Jirgin na ƙasa, amma fiffike na nan da sauran ƙarfin ɗagawa. Iska ta shiga ƙarƙashinsa, ta ɗaga shi, ɗayan ya goge ƙasa. Ta kuma bugi wutsiya, hanci ya juya wajenta, jirgin ya bar kwalta. Abin da ake so shi ne, gudu na raguwa, sitiyari na ƙara karkata wajen iska har ya ƙure, domin farantan fiffike da sitiyari ke motsawa na rasa ƙarfi idan gudu ya ragu. Jirgi mai taya a wutsiya ya fi shan wahala, nauyinsa na bayan manyan tayoyi, da ya fara juyawa sai ya zagaye kansa.

A littafin jagorar ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172, iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada sauka da ita kusan kilomita 28 ce a awa. Ƙwararren matuƙin gwaji ne ya yi wannan, sabon ɗalibi bai kamata ya kusanci adadin ba. Idan matuƙi ya taka feda har ta ƙure hanci bai miƙe ba, sai ya ba injin wuta, ya tashi, ya sake zagayowa ko ya nemi wani titin da ke fuskantar iskar.