Gundumar McDowell: Bayan Kwal, Me Ya Rage?

Masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa kudancin jihar West Virginia ta ƙasar Amurka, inda gundumar McDowell take kwance a tsakanin tsaunukan Appalachia, da garin Welch a matsayin hedikwatarta. A ƙidayar shekarar 1950, mutanen wannan gunduma sun kusa dubu ɗari, domin a wancan zamani tana sahun gaba a wuraren da ake haƙar kwal a Amurka. Da aka sake ƙidaya a 2020, an tarar da mutum 19,111 kacal, wato cikin kowane mutum biyar, huɗu babu su.

Silar wannan raguwa ba ɓoyayya ba ce. Tun daga shekarun 1950 injuna suka fara karɓe aikin da dubban ma'aikata suke yi da hannu a cikin ramukan haƙa, daga baya kuma masana'antun ƙarfe da suke sayen kwal ɗin suka ja baya, har kamfanin US Steel ya rufe ayyukansa a garin Gary a 1986. Matasa masu jini a jika suka kwashe iyalansu suka nufi wasu jihohi neman abinci, aka bar tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda ba su da halin tafiya. Ko babban kantin Walmart da ke Kimball, wanda ya zama madogarar jama'a wajen sayayya da samun ɗan aiki, an rufe shi a farkon 2016.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne halin makarantu, domin a nan ne ake ganin yadda matsala ɗaya take haifar da 'yar'uwarta. A 2001 gwamnatin jihar ta karɓe ragamar makarantun gundumar saboda taɓarɓarewarsu, ba ta mayar da su hannun hukumar ilimi ta yankin ba sai a 2013. Amma sauyin shugabanci bai kawo malamai ba, saboda malamin da ya yarda ya zo aiki sau da yawa ba ya samun gidan hayar da ya dace ya zauna. Da yawa daga cikin gidajen da ake da su kamfanonin kwal ne suka gina wa ma'aikatansu tun shekaru aru-aru, sun tsufa, wasu sun zama kufai, filin gini kuma yana da wuya a ƙasar da tudu ya fi shimfiɗa yawa, ga shi babban kaso na filayen yana hannun kamfanonin da ba a gundumar suke ba. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa a 2011 ƙungiyar malamai ta ƙasa, American Federation of Teachers, ta jagoranci wani shiri mai suna Reconnecting McDowell, wanda a ƙarshe ya gina bene a tsakiyar Welch domin malamai su samu matsuguni. A ganina aiki ne na a yaba, ko da yake bene ɗaya ba zai wadatar da gunduma guda ba.

Ta fuskar tsaro, babbar barazana ga rayuka a nan ita ce ƙwayoyin kashe raɗaɗi masu sa maye. Gundumar ta daɗe tana cikin waɗanda suka fi yawan mutuwa sakamakon shan ƙwaya fiye da ƙima a Amurka, kuma yara da dama kakanninsu ne suke renonsu saboda iyayen sun mutu, ko suna kurkuku, ko kuma ƙwaya ta ɗauke su.

Sai batun zaɓe. Shekaru da dama McDowell gidan jam'iyyar Democrat ce, saboda ƙarfin ƙungiyar ma'aikatan haƙar kwal. John Kennedy, ɗan Democrat mai neman shugabancin Amurka, ya zo yaƙin neman zaɓe a nan a 1960, talaucin da ya gani ya girgiza shi, kuma a 1961, bayan ya zama shugaban ƙasa, a wannan gunduma aka fara raba takardun tallafin abinci na gwaji. Har a 2008 Barack Obama ne ya yi nasara a nan. A 2016 kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un sun tafi ga Donald Trump, wanda ya yi alƙawarin farfaɗo da kwal, sai dai waɗanda suka fita zaɓen ba su kai rabin masu rajista ba. Wannan ƙauracewa ta fi sauyin jam'iyya ɗaukar hankalina, domin tana nuna jama'ar da suka gwada ɓangarorin biyu suka daina sa rai.

Bai kamata a ɗora wa mutanen McDowell laifin halin da suke ciki ba. Kwal ɗin da suka haƙo da guminsu shi ya narka ƙarfen da aka gina biranen Amurka da shi, ribar kuma ta tafi wani wuri. Suna da haƙƙin ruwan sha mai tsabta, da hanyoyi, da asibitin jinyar masu fama da ƙwaya, musamman bayan ambaliyar watan Fabrairun 2025, wadda ta sake lalata gidaje da hanyoyi a garuruwan da tun ambaliyar 2001 da 2002 ba su gama farfaɗowa ba.